Kusoshin Jirgin Feshi

Ni dai har yau ban taɓa shiga jirgin sama ba, kuma ba na jin zan shiga. Amma akwai shekarar da na san cikin wani jirgi fiye da yadda na san cikin baburina, don na yi kwanaki a gindinsa ina faɗa wa mutane abin da ke damunsa, kamar ɗan rakiyar majinyaci a likita.

Garinmu ƙauye ne tsakanin Agiye da Gazawa, arewa da kwalta. Ni ina koyarwa a wata lakol can wajen Gidan Rumji, sai da hutu nake zuwa gida. Tun da mahaifinmu ya rasu yayana ne ke riƙe da gandu, babbar gonar gida da kowa ke nomawa kuma kowa ke ci daga rumbunta. Bakunan da ke kan rumbun nan ba kaɗan ba ne: shi da matarsa da ɗiyansu, da tsohuwarmu, da matar ɗan'uwanmu da ya rasu, wadda ta zauna a ɗakinta da marayunta ba ta koma gidansu ba. Yaya ne ya ce ta zauna. A wurinmu ɗiyan ɗan'uwanka naka ne, hatsinka za su ci, kuma shi mutum ne da ba ya son a tuna masa abin da ya kamata ya yi.

Damanar shekarar ta yi kyau, wannan ba gardama. Hatsi ya yi tsawo, ya fitar da kai, ya yi bununi, ƙwaya ta fara zama. In ka matsa ta da farce sai farin ruwa ya fito. Abin da ya rage kaɗan ne, rana ta gama aikinta a girbe. Sai ruwa ya ɗauke da wuri a arewa, ciyawar can ta bushe, fara ta gangaro mana.

Fara ba baƙuwarmu ba ce, mun san abin da ake yi da ita. Mata su tashi da asuba, lokacin da raɓa ta yi mata nauyi ba ta iya tashi, su tsince ta cikin buhuna, su dafa, su shanya, a soya da yaji a kai kasuwar Agiye. Maza su yi hayaƙi a gefen gonaki, su haƙa ramuka. In kuma ta fi ƙarfin wannan, sai a rufe ido a yanke hatsin ɗanye, a ɗaure a kai gida. Ƙwayar takan motse, ba ka samun abin da ka sa rai, furarsa ma ba ta da daɗi, amma dai akwai abu a rumbu. Iyakar abin da muka gada ke nan game da fara, kuma ya riƙe mu.

A shekarar sai malamin gona ya zo a babur, aka tara mu a ƙofar mai gari, ya ce za a kawo jirgi mai saukar ungulu ya yi feshi. Ya jero sharuɗɗa. A kafa tutocin farin ƙyalle a iyakar gonaki don matuƙi ya gani. A rufe rijiyoyi. Makiyaya su janye bisashensu. Mata su daina kamun fara, don ba a san safiyar da za a fesa ba, kada mai guba ta shiga kasuwa. Sannan kada kowa ya yi gaggawar yankan hatsi, a bar shi ya nuna, jirgi zai tsare shi. Aka ce a zaɓi wanda zai tsaya kan aikin, baki ya zo ɗaya a kan yayana, don in ya yi magana ana ji. Shi kuwa ya ɗauki abin da gaske. Ya bi gari gida-gida da ƙafarsa, yana cewa kada a yanka, shi ya tsaya.

Matarsa ce ba ta ji daɗin zancen ba, don ita gwanar kamun fara ce. Tsakanina da ita akwai wasa irin na ƙanen miji, ba ta kirana da komai sai ɗan lakol. Ta same ni ina shan fura ta ce, "Ɗan lakol, kai da ka san takarda, jirgin nan shina tahowa kuwa, ko in ninke buhunana a banza?"

Na ce, "Shina tahowa."

Ta ce, "To in bai taho ba kai zan soya, ko da yake ba nama a jikinka."

Jirgin kuwa ya zo. Ya sauka a wani fili bayan garin Agiye, aka kewaye shi da igiya, jandarma ya zauna a inuwa yana korar masu matsowa. Ya yi safiya biyu ko uku yana fesa ƙauyukan gabas, wajen Gazawa, aka ce sai mu. Malamin gonan mutumin yamma ne, Hausarsa ta sayen tumatir ce kawai, shi ya sa ya roƙe ni in riƙa fassara tsakanin ma'aikatan jirgin da mutanenmu. Na goya Yaya a babur muka tafi, a kan zai nuna wa matuƙi inda gonakinmu suka fara da inda rijiyoyi suke.

Da muka isa sai muka tarar an buɗe murfin saman jirgin, bakanikensa yana tsaye a kan tsani. Gajeren mutum ne mai furfura, daga wata ƙasa ta bakin teku, kullum da tsumma fari a hannunsa yana goge yatsun da ba su da datti. Matuƙin yana zaune a kan tanon magani, wato ganga, yana danna waya. Bakaniken ya sauko, ya gaishe mu, ya ce jirgi ba zai tashi ba.

Ya yi bayani da Faransanci a hankali, ni kuma ina juya wa Yaya. Ya ce a ƙarƙashin babbar farfelar nan akwai akwatin giya, abin da kanikawanmu ke kira bwat, shi ke karɓar ƙarfin inji ya juya farfela. Haƙoran cikinsa a cikin mai suke aiki. Man yana zagayawa, yana bi ta wata matata da ke cikin ɗan kwano, kwanon kuma wasu 'yan kusoshi masu zare ne ke riƙe da shi. Ya ce a wata ƙasa mai nisa wani jirgi irin wannan yana sama sai kusoshin nan suka karye, kwanon ya saki, mai ya tsiyaye, haƙora suka ci juna, jirgin ya faɗo da mutanen cikinsa. Saboda haka masu ƙera shi da masu iko da sha'anin jirage suka aiko da umarni: duk jirgi irinsa, ko'ina yake a duniya, ya zauna a ƙasa sai an cire kusoshin an sa sabbi na wani ƙarfe daban. Sabbin kuwa daga wurin masu ƙerawa za su fito, su sauka Yamai, a kawo su ta mota.

Yaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Auta, tambaye shi, mai shina zuba?"

Na tambaya. Ya ce a'a.

"Jiya ya tashi?"

Ya tashi.

"To mi ya hana shi yau?"

Bakaniken ya ce jiya bai sani ba, yau ya sani. Na fassara haka, ban ƙara ba ban rage ba. Yaya ya nemi a nuna masa kusoshin. Mutumin ya bar shi ya hau tsani ya leƙa. Ya daɗe yana kallo, ya sauko, ya ce mini a hankali, "Wanga abu ai bai kai ɗan yatsana ba."

A nan mutanenmu suka fara abin da suka saba. Mu dai ba mu taɓa ganin injin da ya tsaya don rashin kusa ba. Injin niƙan garinmu ya fi ni shekaru, rabin jikinsa waya ce da robar taya, kuma kullum yana niƙa. Akwai wani maƙerin zamani a Agiye mai injin fiƙe ƙarfe, shi ke yi wa manyan motoci da injinan ban ruwa abin da ya ɓace a kasuwa. Yaya da wakilan mai gari suka ɗauko shi. Bakaniken jirgin, don mutunci, ya bar shi ya hau ya auna. Washegari maƙerin ya dawo da kusoshi a naɗe a takardar siminti, suna ƙyalli, wallahi ni da idona ban ga bambanci ba. Bakaniken ya ɗora su a tafin hannunsa, ya juya su, ya bi zaren da farce, ya ce aiki ne mai kyau, ya ce a ƙasarsu ma samun mai hannu irin wannan sai an tona. Sannan ya naɗe su ya mayar masa, ya ce ba zai sa ba. Ya ce bai san irin ƙarfen ba, bai san zafin da zai iya ɗauka ba, kuma ba shi da ikon gwadawa da ran mutum.

To fa. A wurinmu in mutum ya yaba kayanka sannan ya mayar maka, ciniki ya fara ke nan. Da aka koma ƙofar mai gari, dattawa suka yi shawara suka gano inda matsalar take: ba a gaida baƙon yadda ya kamata ba. Mutum ya baro ƙasarsa ya zo yi muku aiki, kun tare shi hannu wofi da tambayoyi, ta yaya zai saki jiki? Na ce musu ba haka ba ne, mutumin nan doka ce ta ɗaure shi, ko raƙumi aka kai masa ba zai tashi jirgin ba. Yaya ya dube ni ya ce, "Auta, kai ka san Faransanci, mu mun san mutane." Aka yi dariya, na bi su, don ni ma a lokacin ban rantse da cewa sun yi kuskure ba.

Aka ɗaura ragon gidanmu a amalanke, da ƙwaryar ƙwan zabi, dattawa suka sa manyan riguna. Muka isa filin da hantsi. Babban cikinsu ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi gajiyar baƙo da lafiyar iyalinsa da ya baro, ya ba da haƙuri a kan jinkirin da aka yi wajen sauke nauyi, duk ina fassarawa, bai ambaci jirgi ko sau ɗaya ba. Bakaniken ya dubi ragon, ya dube ni, sai na ga fuskarsa ta canja, ya gane. Bai yi fushi ba, abin ya fi kama da ciwo. Ya ce in gode musu. Ya ce ya je ya ga gonakin da idonsa, ya san abin da fara ke yi, shi ma ɗan manomi ne. Amma matuƙin nan yana da iyali, kuma in jirgin zai faɗo, a kan rufin garinmu zai faɗo. Ya karɓi ƙwai kaɗan don kada a ce ya ƙi duka, ya ce a mayar da ragon.

Dattijon ya ce, "Faɗa mishi Allah ke tsarewa."

Na faɗa. Ya ce haka ne, ya yarda, amma ba zai sa hannu jirgin ya tashi ba. Muka juyo da ragonmu yana ta kuka a hanya. Mayar da kyauta a gabanka abu ne mai zafi, dattawan ba su ƙara komawa filin ba, kuma daga ranar sunan bakaniken a garinmu ya zama mai taurin kai.

Ni da Yaya muka ci gaba da zuwa kowace safiya. Tambayar ɗaya ce, yaushe. Amsar ma ɗaya ce: suna hanya, jirage da yawa ke jiran irinsu, wataƙila gobe, wataƙila a ɗan daɗe. Mutumin gaskiya yake faɗa, bai sani ba. Yaya kuwa goben yake ɗauka ya bar sauran, ya koma gari ya ce wa masu tambaya an kusa. Ni ban ga laifinsa sosai ba a nan, don wanda ya ga jirgi a gabansa, da magani tano-tano a jere, da matuƙi zaune lafiyarsa lau, da wuya ya yarda abin zai wuce gobe.

Fara kuwa ba ta tsaya ba. In ka shiga gandu da rana za ka ji wani ɗan ƙaras-ƙaras daga ko'ina, ita ce ke cin ƙwaya. In ka taɓa kara sai su watse su bugi fuskarka, su koma. Ta gefen arewa ta fara. Zangarniyar da ka bari jiya cike, yau ka tarar ta yi fari fat, ƙaiƙayi kawai. Ciyawar gefen gona ma ba su kula ta ba, sun sami abin da ya fi ta.

Mutane suka fara yanka a ɓoye. Ba wanda ya fito ya ce ya saɓa, sai dai kowa ya fara daga ƙarshen gonarsa, inda ba a gani daga hanya. Da yamma ka ga amalanke ya shigo ta bayan gari da dammuna an lulluɓe da harawa. In sun haɗu da Yaya su gaishe shi da ladabi, su tambaye shi labarin jirgi, shi kuma ya ba su amsa kamar bai ga ƙaiƙayin da ke kan rigunansu ba.

Matarsa ta yi magana, ba sau ɗaya ba. Ta ce, "Maigida, ka dubi Allah ka dubi yaran gidan nan, a yanka abin da ya saura." Ya ce a'a. Ta ce to a bar ta ta kama farar, tun da ba feshi ba dalilinsa. Ya ce in kusoshin suka iso da yamma aka fesa da safe fa, ta kai wa mutane guba? Ta yi tsaki ta ɗauki wuƙarta ta tafi gamanarta, 'yar gonar da ke tata ita kaɗai, wadda ba ya da iko a kanta, ta yanke nata tas. Da ta dawo da kaya a ka ta wuce ta gabana ta ce, "Ɗan lakol, ka gaida mini jirginku."

Ni ma na same shi, a bakin gandu, yana gyara wata tuta da iska ta karkatar. Raina a ɓace yake, na ce, "Haba Yaya! Mutanen da kake jin kunyarsu ai sun riga sun yanka. Kai kaɗai ka rage."

Ya ce, "Su ba su bi gida-gida ba. Ni na bi."

Na ce, "Ba wanda zai riƙe ka da wannan. Kowa ya ga abin da ya faru."

Ya ce, "Akwai waɗanda ba su yanka ba har yanzu don ni na ce. Tsohon nan na bakin rijiya bai yanka ba. In na kwana na yanka nawa, in ce mishi mi?" Ya karya zangarniya ɗaya daga gefen kudu, inda farar ba ta kai ba sosai, ya murje ya nuna mini. "Dubi. Kwana kaɗan ya rage mishi. In na yanka yau na kashe shi da hannuna, in jirgin ya tashi gobe in ce mi na yi?"

Ba girman kai kaɗai ba ne, lissafin manomi ma yana ciki, kuma da kusoshin sun iso a goben da lissafinsa ya fita. Na ce masa to ya je ya ce wa tsohon da sauran su yanka, shi ma ya yanka, a gama. Ya ce zai duba zuwa gobe. Na bar shi a nan ina jin haushinsa da tausayinsa a haɗe, na kuma san ba zai duba komai ba.

Kusoshin sun iso a ƙarshe, cikin wata farar mota, a ɗan kwalin da bai fi na sukari ba. Ina wurin. Bakaniken ya wanke hannu, ya hau tsani, ya zare tsoffin ɗaya bayan ɗaya ya sa a leda. Ya ɗaura sabbin da wani makullin ɗaure kusa, irin sifana, mai yin ƙas in ƙarfin ɗaurin ya kai, ya zura musu siririyar waya ya murɗe don kada su warware. Ya canja mai, ya sa aka tada inji a ƙasa, farfela ta yi ta juyawa tana watsa mana rairayi. Aka kashe, ya sake hawa ya shafa farin tsummansa a ƙarƙashin kwanon, ya duba, ba ɗigo. Aikin da aka yi ta jira bai wuce tsakanin hantsi da azahar ba.

Na tambaye shi ko tsoffin suna da wani aibi. Ya ɗaga ledar ya duba ta a rana, ya ce ido ba ya ganin irin wannan, za a aika da su a bincika. Ban taɓa jin abin da aka samu ba. Shi kuma ya tambaye ni gonar yayana. Na ce alhamdu lillahi, yadda muke cewa. Ya dube ni ya ɗan jima, ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba.

Washegari da sassafe jirgin ya zo kanmu. Ya bi gonaki ƙasa-ƙasa, layi bayan layi, yana sakin farin hazo. Ba zan ce bai yi amfani ba. Ya tsirar da wake, ya tsirar da maiwar da ba ta riga ta yi ƙwaya ba, kuma ƙauyukan kudu da mu sun girbe hatsinsu cikakke, har yau suna sa wa jirgin albarka. Fara ta zube a ƙasa ta yi baƙi, aka hana kaji fita. Gandunmu dai an fesa shi da kyau, amma kara aka fesa.

Mun girbe abin da ya saura. Damin da a da sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga, yanzu mace na ɗaukarsa da hannu ɗaya. Da aka zuba a rumbu, in ka leƙa kana ganin ƙasan rumbun ta tsakanin zangarnu. Waɗanda suka yanka a ɓoye sun sami na 'yan watanni. Ba wanda ya yi wa Yaya gori, ko tsohon bakin rijiyar, wanda Yaya ya ɗiba daga ɗan abin da muka samu ya kai masa da kansa. Hutu ya ƙare na koma lakol, na riƙa aiko da abin da albashin malami zai iya, wanda kowa ya san iyakarsa. Aka sayar da ragon nan, aka sayar da sa ɗaya daga na amalanke. Hatsin gamanar matar Yaya ma ya shiga tukunyar gida, kuma daga lokacin ta rage yi mini wasa.

Kafin tsakiyar rani Yaya ya aiko in zo. Na tarar ya riga ya je garin iyayen matar marigayin, can kudu da kwalta, inda feshi ya yi musu rana, ya yi magana da mahaifinta. Abin da ya rage a faɗa mata. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin tsohuwarmu, aka kira ta. Ta zo ta durƙusa daga gefe. Yaya bai ɗaga kai ba, yana ta jan layi a ƙasa da tsinke. Ya ce ta ga yadda shekara ta zo. Ya ce ya auna abin da ke rumbu ta kowace fuska, ba zai kai gidan nan ga damana ba. Ya ce ta ɗauki yaran ta je gida, su sha hatsin kakansu na can, in an yi sabon girbi sai a ga abin da Allah zai yi. Muryarsa ba ta rawa, amma ni da na san shi na san gara a ce ya ba da hannunsa ɗaya. Ni kaina kunya ta kama ni har na kasa duban yaran. Tsohuwarmu ta ja mayafi ta rufe fuska.

Matar ta ce, "To, Yaya. Allah ya sa haka ya fi alheri." Ba ta yi kuka a gabanmu ba.

Da safe aka ɗaura amalanke da san da ya rage. Ta fito da ƙullin tufafi da tabarmi, yaran suka hau. Sai ta koma ta tsaya a bakin madafa, inda babbar tukunyarta take, wadda ta zo da ita ranar da aka kawo ta gidan nan amarya. Macen da za ta je ta dawo ba ta ɗaukar tukunya, duk mun san haka. Ta ce, "Yaya, in ɗauka ko in bar ta?"

Ya dubi rumbun, ya dubi yaran a kan amalanke.

Ya ce, "Ɗauki. Can ma za ki so ta."

Ni na kai su bakin kwalta. Yaya ya bi amalanken a ƙasa har ƙarshen gari, ya tsaya a nan. Ba ta dawo ba, a can ta yi aure bayan shekara, kuma ɗiyan ɗan'uwanmu a can suka girma.